Kyamarori biyu sun ƙi fitowa a NVR, ta bakin get kuma tana ɗaukewa da magariba

Mai Sito:

Assalamu alaikum. Injiniyoyin gidan nan, a taimaka da shawara. NVR ce ta Hikvision, wato na'urar da ke naɗar hotunan kyamarorin tsaro, mai ramin PoE takwas (ramin da ke kai wa kyamara wuta da data ta waya ɗaya), da faifan ajiya na 2TB. Kyamarori shida na Hikvision ne masu 4MP, biyu kuma na Dahua. Shidan sun fito da kansu ana jona su, amma na Dahua baƙi kawai suke nunawa. Ta bakin get, wadda wayarta ta kai mita 130, tana aiki lafiya da rana, da an yi magariba sai ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Sannan faifan ba ya riƙe fiye da kwana bakwai, a wayar hannu kuma kullum manhajar kallo sai ta ce NVR ɗin ba ta kan layi. Kyamarorin ne ba su da kyau, ko me?

Mai Haɗa Waya:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka mayar da ko ɗaya kanti tukuna, duk abin da ka lissafa saiti ne da waya.

Bari mu fara da na Dahua. Ramukan PoE da ke bayan NVR ɗin nan suna da nasu layin daban, 192.168.254.1, ita kuwa kyamarar Dahua daga kwali take fitowa da 192.168.1.108. Wuta tana samu, shi ya sa za ka ga fitilar ramin tana ƙiftawa, amma ba sa jin yaren juna. Cire ta ka ba ta wuta da adafta mai 12V, ka jona ta kai tsaye da kwamfuta, ka sa wa kwamfutar adireshi 192.168.1.50. Buɗe ConfigTool, manhajar Dahua ta saita kyamara, ko ka rubuta adireshin kyamarar a burauza. Idan sabuwa ce fil, ba za ta yi komai ba sai ka sa mata kalmar sirri. Daga nan sai ka canza adireshinta zuwa 192.168.254.21, ta biyun 192.168.254.22, mask 255.255.255.0, gateway 192.168.254.1. Ɗaya bayan ɗaya za ka yi, don in ka jona su tare adireshinsu ɗaya ne, za su yi ta karo.

Sai ka mayar da ita ramin NVR. Shiga Camera, ka danna gyara a kan tashar, ka cire ta daga Plug-and-Play zuwa Manual. Protocol ka zaɓi ONVIF, wato yaren da na'urorin kamfanoni daban-daban ke jin juna da shi, port 80, ka sa adireshin da kalmar sirri. Idan ta ce kalmar ba daidai ba ce alhali ka tabbata daidai ce, abu biyu ne. Ko dai an canza kalmar admin daga baya ba a canza ta asusun ONVIF ba, don a yawancin na Dahua asusun biyu daban suke, ko kuma agogon kyamarar ya saɓa da na NVR. Daidaita su duka a GMT+1. Kuma kada ka yi ta gwada kalmomi, bayan 'yan kurakurai kyamarar kulle kanta take yi, sai ka jira ko ka cire mata wuta.

Ta bakin get kuwa, lokacin da take ɗaukewa shi ne ya tona asirin. Da rana kyamara irin wannan wat huɗu ko biyar take ci. Da duhu ya shiga sai fitilunta na ganin dare su kama, cin wutar ya ɗaga. Ramin PoE na 802.3af yana fitar da wat 15.4, kuma abin da aka lamunce zai isa kyamara 12.95 ne, amma a cikin mita 100 da waya ta jan ƙarfe zalla. Kai ka zarce da mita 30. Idan kuma wayar irin mai arhar nan ce ta CCA, wato alminiyam aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wutar a hanya take zubewa. Fitilun su kama, wuta ta gaza, kyamara ta mutu, ta tashi, fitilun su sake kamawa, haka za ta yi ta yi har gari ya waye. Yanko guntun wayar ka kankare silin da reza. In ka ga fari a ciki, to ita ce.

Injiniyan Sabon Gari:

Malam ya gama magana kan adireshi. Ƙari kaɗan kan mita 130 ɗin. Kafin ka sayi komai, duba saitin PoE na NVR ɗinka, wasu suna da zaɓin dogon zango ga kowane rami. Yana sauke gudun ramin zuwa 10Mbps, kuma wannan ya ishi kyamara ɗaya mai 4MP. Amma gudu kawai yake gyarawa, ba ya mayar da alminiyam jan ƙarfe. In wayar CCA ce, a zare ta a ja wayar Cat6 ta gaskiya, ta jan ƙarfe zalla. In ba zaɓin, a sa na'urar ƙarin zangon PoE a wajen mita 70, cikin akwatin da ruwa ba ya shiga.

A kuma sake matse kan wayar duka ɓangarorin biyu da tsarin T568B: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Masu jera launuka yadda suka ga dama, wai tunda kai biyun sun yi daidai shi ke nan, a mita goma abin zai yi aiki, a mita ɗari ba zai yi ba, domin an raba silin da aka murɗa tare. Kan da ke waje kuma a rufe shi da marufin robar da ke zuwa cikin kwalin kyamara. Salatif rana ɗaya ta watan Afrilu take narkar da shi, damina ta zo ruwa ya shiga, fil ɗin su yi kore.

Faifai lissafi ne. Kyamara mai 4096kbps tana cin kusan 44GB a kwana. Shida sun ci 265GB, ka ga 2TB kwana bakwai da ɗan abu ke nan, daidai abin da kake gani. Ranar da na Dahua suka shigo zai sauka ƙasa da kwana shida. Mayar da su H.265, tsarin matse bidiyo da ke rage cin faifai, ka sa 2048kbps da hoto 15 a daƙiƙa, kowace ta koma 22GB, takwas ɗin 177GB, faifan ya kai kwana 11. In wata guda kake so, sai 6TB, kuma irin na kyamara, WD Purple ko Seagate SkyHawk, waɗanda aka yi don rubutu dare da rana. Na kwamfutar tebur ba ya daɗewa a wannan aikin.

Mai Sito:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. An kankare wayar, fara ce a ciki. Wani ya ce in sa su naɗa sai in sun ga motsi kawai, don faifan ya daɗe. Ya kuke gani? Sai kuma maganar wayar hannu.

Hajiya Mai Sola:

Alhaji, a cikin sito ka sa na motsi, ba laifi, wurin da ke rufe da dare ba abin da zai motsa. Amma bakin get da ƙofar shiga ka bar su suna naɗa ba tsayawa. Da dare ƙwari na taruwa a fitilar ganin dare, gizo-gizo ya yi saƙa a gaban gilashi, lokacin hunturu ga ƙura, duk kyamara motsi take ɗaukarsu. Mutum ya gaji ya rage ƙarfin ganewar, ranar da ake buƙatar hoton sai a tarar babu. Inda ka sa na motsin, ka sa ta haɗa da daƙiƙa biyar kafin motsin da talatin bayansa.

Wayar hannu: fara duba inda aka soka wayar rawuta. Ramin LAN ne wurinta, wanda yake shi kaɗai a gefe, ba cikin jerin PoE ba, kuma nan aka fi yin kuskure. A Network na NVR ka kunna DHCP, don ta karɓi adireshi daga rawuta da kanta, in DNS babu komai ka sa 8.8.8.8. Shiga Platform Access, kunna Hik-Connect, hanyar Hikvision ta kallo a wayar hannu, ka ƙirƙiri lambar tabbatarwa, ka jira ta nuna Online kafin ka ɗauki hoton QR da manhajar. Kada ka wahalar da kanka da buɗe port 8000 ko 554 a rawutar da ke aiki da SIM, galibi adireshin waje ɗaya kamfanin ke raba wa mutane da yawa, ba zai yi ba, kuma ko da ya yi ƙofa ka buɗe wa ɓarayin intanet. Asusun Hik-Connect ya zama da lambarka ko imel ɗinka, ba na wanda ya haɗa maka ba, domin na'urar asusu ɗaya take ɗaurewa da shi, sauran sai dai a raba musu kallo. Naɗa ba ya cin data, kallo ne ke ci: ƙaramin hoto mai 512kbps kusan 230MB ne a awa ga kowace kyamara.

Abin da ba wanda ya taɓo shi ne wuta. NVR da kyamarori takwas da rawuta ka ƙiyasta musu wat 100 da dare. Batir mai 12V 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200, rabi ake ci in ana so ya yi ƙarko, inbata ma ta ci nata, saura kamar awa biyar. Daga magariba zuwa asuba sai 200Ah aƙalla. Kuma tunda za a sake jan wayar get, a bi da ita ta cikin bututu a ƙasa, kada a rataya ta a iska ko kusa da wayar wuta, a sa kariyar tsawa ta PoE a bakinta, a haɗa ta da wayar ƙasa (earth) mai kyau. Tsawa ɗaya ta biyo doguwar waya tana iya ƙona ramukan takwas gaba ɗaya.

Mai Haɗa Waya:

Haka ne, Hajiya. In an gama, Alhaji, ka jira bayan isha'i ka sa yaro ya shigo ta get da tafiyarsa ta kullum, sannan ka koma ka kalli abin da aka naɗa. In fuskar ta yi fari fat, kunna Smart IR, saitin da ke rage hasken fitilun ganin dare in mutum ya matso kusa. In ta yi dishi-dishi, saita shutter, wato saurin ɗaukar hoto, kada ya fi 1/50 na daƙiƙa jinkiri. In kuwa saman hula kawai kake gani, kyamarar ta yi sama da yawa, a sauko da ita wajen mita uku.