Na tura mabuɗin sirri GitHub bisa kuskure, ina mafita?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare ina gyaran wata manhaja da nake ginawa, barci ya fara ɗibata, na buga umarnin "git add ." mai kwashe duk fayiloli, na tura komai GitHub, shafin da ake ajiye lambobin manhaja, ban duba ba. Da safe ina buɗe ma'ajiyar sai ga fayil ɗin .env, inda nake ajiye bayanan sirrin manhajar, a fili, mabuɗin API (lambar sirrin da manhaja ke shiga da ita) na sabar da nake haya da kalmar sirrin rumbun bayanai duk suna ciki, ma'ajiyar kuma a buɗe take ga kowa. Gabana ya faɗi. Nan take na goge fayil ɗin na sake turawa. Hakan ya wadatar, ko da sauran rina a kaba?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ajiye komai ka je ka soke mabuɗin nan yanzu, ka fitar da sabo, ka canja kalmar sirrin rumbun ma. Gogewar da ka yi ba ta cire komai ba. Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen fayilolinka, ba ya mantuwa. Kowane commit, wato kowace ajiyar canji da ka yi, hoto ne na yadda fayilolinka suke a lokacin, don haka .env yana nan daram a commit ɗin jiya, duk wanda ya leƙa tarihi zai gan shi. Ga kuma manhajoji masu sarrafa kansu da ba su da aikin yi sai bin abin da ake turawa buɗaɗɗun ma'ajiyoyi suna tsintar mabuɗai. Dare guda ya yi musu yawa. Ka ƙaddara an riga an gani.

Amsa ta biyu:
Bayan sokewar, shiga asusun sabar ka duba tarihin shiga tun daga jiya. Idan ka ga na'urorin da ba kai ka kunna ba, kashe su, ka sanar da kamfanin. Ɓarayin sukan kunna su ne don haƙar kuɗin kirifto, kuɗin haya ya hau kanka. Kada ka raina abin. A 2016 bayanan shiga AWS (sashen hayar sabar na Amazon) da aka bari cikin wata ma'ajiya a GitHub aka tsinta aka kutsa wa Uber, bayanan mutum miliyan 57 suka fita. Ita ma'ajiyar ta Uber ma a rufe take.

Mai tambaya:
Na soke, na canja duka biyun. Alhamdulillahi ban ga baƙon motsi ba. To tarihin fa, in bar shi haka?

Amsa ta uku:
Tunda mabuɗin ya mutu, hankalinka ya kwanta. In kana son sharewa, yi amfani da git filter-repo ko BFG Repo-Cleaner, manhajojin cire fayil daga tarihin Git, sannan ka tura da --force don sabon tarihin ya maye gurbin tsohon. Amma ka sanar da abokan aikinka tukuna, domin lambobin commit za su canja, kuma wanda ya riga ya kwafi ma'ajiyar tsohon tarihin yana hannunsa.

Ni abin da ya fi damuna shi ne kada a maimaita. Saka .env cikin .gitignore, jerin fayilolin da Git zai ƙyale, amma ka lura, wannan ba ya aiki kan fayil ɗin da Git ya riga ya fara bibiya sai ka cire shi da git rm --cached. Tun 2024 GitHub na hana tura mabuɗan da ya gane siffarsu zuwa buɗaɗɗun ma'ajiyoyi, sai dai kalmar sirrin da ka ƙirƙira da kanka tana iya wuce shi. Ka ɗora gitleaks, manhajar gano mabuɗan sirri, ya riƙa dubawa kafin kowane commit, kuma ka saba buga git status kafin git add.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Yanzu zan ɗora gitleaks ɗin.