Gidan man unguwarmu na neman lasisin sayar da giya har asuba

Maman Biyu:
Salam 'yan uwa mazauna Ingila, don Allah ina neman shawara. Gidan man da ke bakin layinmu sun manna wata shuɗiyar takarda wai suna neman kansul (ƙaramar hukuma) ta ba su lasisin sayar da giya dare da rana, ga yara muna da su, tun yanzu ma kwalabe muke tsinta a ƙofar gida da safe. Akwai abin yi kuwa?

Ɗan Zariya:
Akwai sosai Hajiya. Kwana 28 gare ku ku rubuta wa kansul ƙorafi, amma fa kar ki ce don addini ne, ba za su saurara ba, dokar lasisi ta 2003 abu huɗu kawai take dubawa: hana laifi, tsaron jama'a, hana damun maƙwabta, da kare yara. Ki ɗauki hoton kwalaben nan.

Baba Malam:
Ƙari kuma, sashe na 176 na dokar ya hana sayar da giya inda mai ne ainihin kasuwancin wurin, shi ya sa masu gidajen mai suke cewa shagon da ke ciki ya fi man kawo ciniki. Ku nemi su nuna lissafi a zaman kwamitin lasisi na kansul.

Maman Biyu:
Na gode, Allah ya saka. Yau zan zaga maƙwabta kowa ya rubuta nasa.