Mene ne ma'anar "turn over a new leaf", kuma wa ake gaya wa shi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malamin ƙanena ya rubuta a takardar sakamakon jarrabawarsa cewa yaron "has turned over a new leaf". Ni dai abin da na sani shi ne "leaf" ganye ne, don haka na kasa gane abin da ya haɗa juya ganye da karatun yaro. Shin yabo ne ko gargaɗi? Kuma ya dace in faɗi haka game da mahaifinmu, wanda ya fara samun sauƙi bayan doguwar jinya?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, yabo ne. Kalmar "leaf" a nan ba ganyen bishiya take nufi ba, fallen takarda ne na cikin littafi, kuma da wannan ma'anar Turawa suke amfani da furucin tun ƙarni na 16. Ka ɗauka ɗalibi ne ya cika shafi da kurakurai da goge-goge har takardar ta fara hujewa, sai ya juya fallen ya soma rubutu a kan farin shafi cikin natsuwa. Malamin yana gaya muku cewa yaron ya bar wani hali marar kyau, wataƙila makara ko wasa da aikin gida, ya shiryu.

Amsa ta biyu:
Bayanin Malam ya yi daidai, sai dai ina roƙonka kada ka faɗi wannan magana a kan mahaifinku. Furucin na gyaran hali ne wanda mutum ya yi da niyyarsa, saboda haka duk wanda aka gaya wa shi, an nuna cewa a da yana kan hanyar da ba ta dace ba, ciwo kuwa ba laifi ba ne. Ga majinyacin da yake murmurewa ana cewa "he is on the mend", idan kuma ya tsallake lokacin da ciwon ya fi tsanani sai a ce "he has turned the corner". Allah ya ƙara masa lafiya.

Mai tambaya:
Amin, na gode ƙwarai. Da ma wasiƙa nake shirin rubuta wa likitansa, Allah ya sa na tambaya kafin in aika.