Neman shawara: wani littafi ya sa ni tunanin ranar da wuta za ta ɗauke a Jidda

Mai tambaya, daga Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara, abin ya hana ni barci. Ƙanena ne ya turo mini wani ƙagaggen labari, wai an wayi gari wutar lantarki ta ɗauke a duniya baki ɗaya, ba ta ƙara dawowa ba. Kashe-kashen ciki ba su suka tsaya mini a rai ba, masu ciwon da maganinsu ya lalace a firji ne. Hajiyarmu tana tare da mu, ciwon suga gare ta, kullum sai an yi mata allurar insulin. Daga nan na fara lissafi. Ruwanmu yana cikin tankin ƙasan gini, sai dinamo ya tura shi sama kafin ya sauko famfo. Kuɗinmu suna cikin kati. Hawa na huɗu muke, in aka kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, rabin awa yara sun fara kuka. A Kano mun taso da ɗauke wuta, amma akwai rijiya a tsakar gida, akwai gawayi, akwai inuwar darbejiya. Nan ba mu da ko ɗaya. Maigida ya ce waswasi ne kawai. In fara tara kaya ne, ko in mayar da Hajiya gida?

Wani mai aikin wuta, daga Dammam:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ki raba abu biyu. A ce wuta ta tafi a duk duniya har abada, wannan aikin marubuta ne. Amma ta ɗauke wa ƙasa guda na awoyi ko kwanaki, ya sha faruwa. A Maris 1989 guguwar da ta taso daga rana ta kashe wutar Kwibek a Kanada, mutum wajen miliyan 6 suka yi awa 9 cikin duhu. Ranar 28 ga Afrilu 2025 Sifen da Fotugal suka ɗauke gaba ɗaya, jiragen ƙasa suka tsaya, kati ya daina aiki a shaguna, amma kafin washegari da safe an mayar da kusan duka. Inda nake ganin kina da gaskiya shi ne batun ruwa. Yawancin abin da ake sha a Jidda da Makka ruwan teku ne da ake tacewa a irin tashar Shu'aiba, na Riyad kuma daga Jubail ake turo shi ta bututu, tafiyar fiye da kilomita 400. Duka wannan da wutar lantarki ake yin sa. Ki yi shirin kwana uku zuwa mako, jarkokin ruwa, tocila, ɗan kuɗi a hannu, tukunyar gas ta biyu. Ya isa.

Wata dattijuwa, daga Shara Mansur, Makka:
'Yata, garuruwan nan sun rayu kafin a san kaharaba, wato wutar lantarki. Ruwan Ainu Zubaida, wanda matar Haruna Rashid ta sa aka haƙa wa hanya daga Wadi Nu'uman, gangara kawai yake yi har Arfa, babu inji ko ɗaya. Iyayenmu maza da yawa da tallar ruwa suka ci abinci a Makka, garwa biyu a sanda bisa kafaɗa, gida gida. Ki je Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ki dubi tagogin katakon tsofaffin gidajen, don iska aka yi su. Sai dai ba zan ruɗe ki ba, a lokacin mutane kaɗan ne. Yau Jidda ta kusa mutum miliyan huɗu, gidajen kuma an gina su ne da sanin akwai mukayyif. Batun mayar da Hajiya kuwa, kada ki raba tsohuwa da jikokinta da likitanta saboda littafi.

Wata 'yar uwa daga Sudan, yanzu a Madina:
Ban karanta littafin ba, amma na zauna cikin irinsa. Muna Wad Madani lokacin da yaƙi ya iso a Disamba 2023, muka fita ƙauye wajen dangi. Wuta ita ce ta fara tafiya, ruwan famfo ya bi ta. A Fabrairu 2024 layukan waya da intanet suka yanke, mai kuɗi a manhajar banki ya koma daidai da wanda ba shi da ko sisi, don ba yadda za a yi ya tura. Jaki da kura da ganga suka zama su ne famfo.

Abin da nake so ki ji shi ne wannan. Irin labaran nan suna nuna maƙwabci zai far wa maƙwabci saboda gwangwanin wake. Masu bindiga sun zo, sun ƙwace mota da zinare da buhunan hatsi, wannan gaskiya ne, kuma gidan da aka san ya tara kaya nan suke fara shiga. Amma maƙwabta ba su ci juna ba. Takiyya aka buɗe, wato girkin sadaka na unguwa, tukunya ɗaya babba a bakin masallaci, wannan ta kawo adas (wani irin ƙaramin wake), waccan ta kawo albasa, samari su yo itace, a dafa a raba, kowa da robarsa a layi. Mai faranti ɗaya na sola a unguwa shi ke yi wa kowa caji. Wadda ta san allura ita ke zagayawa gidajen masu ciwo. Kawuna da ya rasu a lokacin ba yunwa ce ta kashe shi ba, wankin ƙoda ne ya tsaya. Don haka tsoronki a kan maganin Hajiya yana kan hanya. Amma in tambaye ki, a ginin da kike kin san sunan matar da ke ƙofar da ke kallon taki? Wa zai kama miki Hajiya ku sauko daga hawa na huɗu in lifta ta tsaya? Ki fara da wannan kafin jarka. Mu randa cikin randa muka yi wa insulin, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ya taimaka ƙwarai.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Jidda:
Allah Ya jiƙan kawu, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Ƙarin bayani kan randar: dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa ce har ya samu lambar yabo a 2000, kuma bushewar iska ke sa ta yi sanyi. A Madina ko Riyad za ta yi aiki sosai, a Jidda da iskarta ke jiƙe da ruwan teku sanyinta kaɗan ne. Insulin da ba a buɗe ba yana son digiri 2 zuwa 8, amma yawancinsa yana kai wa kwana 28 a waje in zafin bai wuce 30 ba. Ki duba takardar cikin kwalin na Hajiya, ki sayi kula ƙarama da ledojin ƙanƙara, kada dai allurar ta taɓa ƙanƙarar, in ta daskare ta lalace. Ki tambayi likitanta ko zai riƙa rubuta mata da ɗan rara.

Wani ɗalibi, daga Madina:
Malama, maigidanki bai yi kuskure duka ba, in abu ya hana barci to a ajiye littafin tukuna. Amma tanadi ba rashin tawakkali ba ne. Annabi Yusuf, alaihis salam, hatsin shekara bakwai ya sa aka adana a zangarniyarsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya ta Sudan, tambayarki ta shige ni, matar 'yar Yaman ce, gaisuwa kawai muke yi a bakin lifta. Gobe Juma'a in sha Allah zan aika mata da waina in shiga mu gaisa sosai. Hajiya tana nan tare da mu. Malamar jinya, ruwan jarka wata nawa yake yi kafin a canza shi, kuma a ina ya fi dacewa in ajiye, tunda barandarmu rana take sha tun hantsi?