Kotu ta sa an ƙara mata jini ba da yardarta ba, ina mafita?

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan zaure, don Allah masu sanin shari'a ku taimaka. Maƙwabciyata ce nan Agege, 'yar Shaidun Jehobah (addininsu ya hana ƙarin jini), shekara shida muna tsakar gida ɗaya, ta haihu jini ya ƙi tsayawa, ta ce kar a ƙara mata jini har katin ƙin karɓar jini da take yawo da shi a jaka ta nuna musu, asibiti suka je kotu suka karɓo oda aka sa mata leda biyu. Ta dawo gida ba ta ci ba ta sha sai kuka. Ni addinina bai hana ba amma wallahi tausayinta nake ji.

Alhaji Sani Mile 12: Hajiya ai ranta suka ceto, ta rungumi jaririnta ta gode Allah.

Barista Nura: Alhaji a shari'ance ba haka ba ne. Tun 2001 a shari'ar Okonkwo Kotun Ƙoli ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani saboda addininsa ko da zai rasa ransa. Yaro ne kotu ke shiga tsakaninsa da iyaye, kamar hukuncin Esabunor na 2019, shi ma daga nan Legas ya taso. Hajiya, tana cikin hayyacinta lokacin da ta ƙi? Nan maganar take. In haka ne su nemi kwafin odar mai hatimi da fayil ɗinta na asibiti, lauya ya nemi a jingine odar ko ya ɗaukaka ƙara, don asibiti bayan odar nan za su fake, sannan a shigar da ƙarar tauye hakki a babbar kotu ƙarƙashin sashe na 37 da 38 na tsarin mulki, masu kare sirrin mutum da 'yancin addini, a nemi diyya. Kar su yi sanya, ɗaukaka ƙara na da wa'adi.

Maman Hanifa: Ras take Barista, ni na riƙe mata jakar ma. Matsalar mijin ɗan keke ne, ina kuɗin lauya?

Anti Rabi Idi-Araba: Su je OPD, ofishin lauyoyin kare jama'a na gwamnatin Legas, ko Legal Aid, hukumar taimakon shari'a ta tarayya, kyauta suke tsaya wa marasa hali. Kuma ta adana katin nan sosai, su yi masa fotokwafi kar su ba kowa na asalin.

Barista Nura: Ke ma rubuta abin da kika gani da kwanan wata tun ba ki manta ba, za a iya neman shaidarki.

Maman Hanifa: Na gode Allah ya saka. Da mijin ya dawo bayan magariba zan karanta masa, odar zai fara nemowa Litinin insha Allah.