In gyara jitar bes ɗina ko in sayar in ƙara kuɗi in sayi ta hannu?

Sabon-Hannu: Assalamu alaikum, manyanmu da ƙannenmu. Ina da jitar bes mai tsirkiya huɗu, ƙirar Jazz, ta wani ƙaramin kamfani, da ita na koya. Wuyanta siriri ne, ya zauna mini a hannu, kuma ba ta da nauyi, ni ko ina fama da ciwon kafaɗa. Abu uku ke damuna da ita. In na rage ƙarfin fikof ɗaya, wato ɗaya cikin maganaɗisu biyun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, sai ta kama ƙugi a sifika. Kunnuwanta da ake murɗawa a ja tsirkiya suna sakinta kafin a gama waƙa biyu. Sannan da zarar mai ganga ya shigo sai sautinta ya ɓace. Na ɗan tara kuɗin da za su isa fikof biyu masu kyau da sababbin kunnuwa da ladan mai gyara. Ko kuma in sayar da ita, in haɗa kuɗin in karɓi Fender Jazz ƙirar Meziko ta hannu da wani ya yi mini tayi, hotunanta kawai na gani. Ba na son mai tsirkiya biyar, ba na son mai batir. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda ta kaya.

Ɗan-Biyar: Wa alaikumus salam. Ƙanena, sayi mai biyar ka huta. Yanzu masu madanni suna sauka ƙasa da E, sautin da ya fi ƙasa a mai huɗu, kai kuma kana tsaye da huɗu kana kallonsu. Nemi Sire V7, fitaccen makaɗin bes Marcus Miller ne ya sa sunansa a kai, ga batir biyu masu bolt 9 da ke ba ta ƙarfi. Tun da na riƙe mai biyar ban waiwayi huɗu ba.

Yar-Bes: Yaya, ka karanta abin da ya rubuta kuwa? Ba ya son biyar, ba ya son batir, kai kuma ka haɗo masa duka biyun a jita guda.

Ɗan-Biyar: Tana da makunnin da ake kashe batir ɗin ai. Kuma ba ya so ne don bai gwada ba.

Sarkin-Tsokana: Ni shawarata ka sayar da mai gangar, ka bar jitar.

Na-Gani-a-Jika: Ɗan'uwa, kalmar nan da ka faɗa, "hotunanta kawai na gani", ita ta sa na kasa wucewa. Irin wannan cinikin na yi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutumin ya turo mini hoton kan jitar, ga suna, ga lamba ta fara da MZ, na bincika na ga haka lambobin Meziko na shekarun 2000 suke farawa. Na ce shi ke nan. Ya turo bidiyo yana kaɗawa, tsirkiyoyi kwance daf da wuya, sauti tas. Na tura kuɗi, aka aiko.

Da na buɗe jaka sai na ga tsirkiyoyin sirara ne ƙwarai, kuma a sake suke. Ban kawo komai ba, na ɗauka don tafiya aka sassauta. Na sa mata nawa, masu kaurin lamba 45 zuwa 105, na ja su suka kai daidai. Kafin gari ya waye wuya ya lanƙwashe, tsirkiya ta tashi har ɗan yatsa zai shige ƙarƙashinta a firet na 12, cikin ƙarafan nan da ke gicciye a wuya. Na kai wa mai gyara, ya sa makulli a ƙarfen cikin wuya da ke miƙar da shi, sai makulli yana juyawa a banza, bakin notin ya cinye, an riga an ɗaure shi iya ƙarshensa. Da ya kwance wuyan sai abin ya ƙara muni: wuyan ne kaɗai na gaske. Gangar jikin ta wata jita ce daban mai araha, fikof ɗin ba na ainihi ba ne, har da guntun kwali a ramin wuya. Wato an samo wuyan da ya mutu, an ɗaura shi a jikin banza, an sayar mini da suna. Na kira shi ya ce ai ni na lalata da tsirkiya masu kauri. Kira na gaba lamba ba ta shiga. Kuɗin sabon wuya da aka faɗa mini ya kai rabin abin da na biya. Tana nan jingine, ko kallonta ba na son yi. Allah ya isa.

Tsohon-Hannu: Allah ya mayar maka da alheri, ɗana. 45 zuwa 105 ba kauri ba ne, shi ne abin da kusan kowa ke sawa. Ƙarya ya yi maka.

Mai-Gyara: Sannu Malam, an cuce ka. Amma bari in wanke kwalin, shi ba laifi ba ne. Ana sa ɗan siririn abu a ramin wuya don a gyara kwanciyarsa, mu ma muna yi. Laifin yana ga ƙarfen cikin wuya. Tsirkiya huɗun nan suna jan wuya da nauyin da ya haura kilo 70, ƙarfen ne ke riƙe shi, in ya mutu jita ta mutu. Don haka duk wanda zai sayi ta hannu ya je da makullin da ya dace, ya sa mai ita ya juya ƙarfen kaɗan gaba, kaɗan baya, a gabansa. Ya danne firet na farko da na ƙarshe ya duba tsakiya, ratar da ta rage kada ta wuce kaurin katin waya. Ya kuma nemi a kwance wuya, sukuru huɗu ne, sau da yawa akwai hatimin kwanan wata a gindin wuyan da cikin ramin. Wanda ya ƙi a kwance, a bar masa kayarsa.

Na-Gani-a-Jika: Da na san haka a lokacin. Kuma abin haushin, daga baya na ga mutumin ya sake saka wata da wani suna, a kan bargon da ya ɗauki hoton tawa.

Sarkin-Tsokana: Bargon ma a bincika, wataƙila shi ma ba na ainihi ba ne.

Sabon-Hannu: Allah ya kiyaye gaba, Yaya. Maigida Mai-Gyara, zancen ƙugin da kunnuwan fa? Shi ne ban ji ba tukuna.

Mai-Gyara: Ƙugin halin Jazz ne tun fitowarta a 1960, mai tsada da mai araha. Kowane fikof naɗi ɗaya gare shi, shi kaɗai yana jawo ƙugin lantarki. An naɗa su biyun kishiyar juna, shi ya sa in ka buɗe su daidai wa daida sai ƙugin ya mutu, in ka rage ɗaya ya dawo. Ka sayi ta Mezikon ma haka za ta yi maka. Precision, wata ƙirar bes ta Fender, ita ce ba ta yi, don tun 1957 aka raba fikof ɗinta gida biyu. In kana so ya tafi sai ka nemi fikof ɗin Jazz mai raba naɗi a ciki, wanda aka yi don kashe ƙugi. Kunnuwa kuma, kafin ka saya ka duba yadda kake naɗa tsirkiya a kansu. Zagaye biyu ko uku, kowanne ƙarƙashin na baya, ka ƙara ɗaure sukurorin bayan kan jitar, ka goga bakin fensir a ramukan da tsirkiya ke bi a saman wuya. Mafi yawan kunnuwan da ake kawo mini a ce sun mutu lafiyarsu lau. In dole sai ka canza, auna faɗin ramin tukuna, ba duka ne girmansu ɗaya ba.

Injiniya-Ƙarami: Ba sai ya sayi fikof ba. Ya liƙa tef ɗin jan ƙarfe a cikin ramukan da fikof da wayoyi ke zaune, ya haɗa da wayar ƙasa, wato ground. Na gani a YouTube, na yi wa tawa, shiru kamar an ɗauke wuta.

Mai-Gyara: Ƙarar da tef ke kashewa daban, wadda in ka taɓa tsirkiya take raguwa. Ta naɗi ɗaya tef ba ya kashe ta. Taka wace ƙira ce?

Injiniya-Ƙarami: Precision.

Mai-Gyara: To ka gani.

Dillali: Ku bar zancen waya, ku zo kan kuɗi. Duk abin da ka zuba a jita mai araha ya tafi. Ranar sayarwa mai saye sunan da ke kai yake dubawa, ba ruwansa da fikof ɗin Seymour Duncan ko EMG da ka sa a ciki. Ta Meziko kuwa mai lafiya, ka saya a kashi biyu cikin uku na kuɗin sabuwa, ka kaɗa har ka gaji, ka sayar kusan yadda ka saya.

Yar-Bes: Kashi biyu cikin uku? Tawa rabin kuɗin sabuwa na ba da, har da jaka. Kuma zancen kuɗi ya tafi ba haka ba ne. Na sa wa ta farkona fikof masu kyau, na ajiye tsofaffin a kwali. Da zan sayar na mayar mata da nata, na sayar da sababbin daban, abin da na yi asara bai taka kara ya karya ba. Kada dai ka huda sabon rami ko ka sassaƙe katako, nan ne asarar take.

Ɗan-Biyar: Rabi? Yaushe rabon ki da duba farashi, Anti? Yanzu ta hannu ana faɗin kuɗin da aka sayi sabuwa a da. In kuma fuskar wuyan katakon rosewood ce sai su ƙara, wai ba a yin irinta.

Dillali: Wannan yana da tushe. A 2017 yarjejeniyar CITES ta kare dabbobi da tsirrai ta takura cinikin katakon tsakanin ƙasashe, Fender suka koma katakon pau ferro a ƙirar Meziko. A 2019 an sassauta wa kayan kiɗa. Masu sayarwa ne ba su bar labarin ya wuce ba, don yana kawo kuɗi.

Tsohon-Hannu: Duk ina jin ku. Wani na maganar katako, wani na maganar tef. Ɗana, yaushe rabon ka da canza tsirkiya, kuma yaya ka saita amfilifayarka? Na san ku, kuna cika sautin ƙasa da na sama ku kwashe na tsakiya don ya yi daɗi a ɗaki. Tsakiyar nan ita ke fitar da kai in ganga ta shigo. Mayar da ita, ka ɗaga fikof kaɗan kusa da tsirkiya, ka kaɗa kusa da gada, inda tsirkiya ke zama a jikin jitar. Fitaccen makaɗin bes James Jamerson da Precision guda da tsofaffin tsirkiyoyi masu santsi ya yi yawancin aikinsa a kamfanin waƙoƙin Motown. Sauti a yatsa yake.

Injiniya-Ƙarami: Baba, da girmanka, in a yatsa yake me ya sa ka tambaye shi tsirkiya? Kuma Jamerson ɗin da ka kawo ba ya canza tasa.

Tsohon-Hannu: Yaro, ina kan dandamali tun ba ka san hannun damanka ba. Wanda ilminsa a bidiyo ya tsaya ya saurara in masu aiki suna magana.

Dillali: Daɗewa a dandamali ba sanin kasuwa ba ne, Baba. Mai kaɗawa jita biyu ko uku ya riƙe a rayuwarsa, ni kullum wucewa suke ta hannuna.

Yar-Bes: Kai kuma so kake ya saya don ku ci, Mai-Gyara so yake ya gyara don su ci. Kowa gasa tasa yake.

Mai-Gyara: Haba Hajiya. Ni da na ce kada ya sayi kunnuwa, ya goga fensir? Nawa zan ci a fensir?

Sarkin-Tsokana: Ku daina wahalar da yaro. Ko ta zinariya ya saya, mai haɗa sauti zai rage shi har sai an ɗauka riƙe ta kawai yake yi don ado.

Na-Gani-a-Jika: Ni dai na faɗa, kada ka tura ko sisi sai ka riƙe ta a hannunka.

Sabon-Hannu: Na gode duka. Na yi wa mai jitar magana, ya yarda mu haɗu in gwada, ya yarda a juya ƙarfen, amma ya ce ba za a kwance wuya ba, kuma wai akwai wani mai so. Na tambaye shi nauyinta ya ce bai taɓa aunawa ba. Akwai wanda ya san ko ta fi irin tawa nauyi?

Ɗan-Biyar: "Akwai wani mai so" ai ko wace jita a duniya tana da shi. Amma wani abu da ba a faɗa maka ba, ranar da ka riƙe mai suna ranar masu aro za su san ƙofarka. Tawa wani abokin kiɗa ya ara na dare ɗaya, ya bar waya a soke har batir ya ƙare, don soka wayar shi ke kunna ta. Bai faɗa mini ba. Ina tsakiyar waƙa sauti ya fara karcewa.

Yar-Bes: Kai batir kawai ka rasa. Ni an dawo mini da tawa an ɗaga gada, an sauya saitin da na biya aka yi mini, wai hannunsa ya fi son haka. Maɓallin rataya ɗaya ya fita, an cusa tsinken ashana an mayar. Da na yi magana sai aka ce na cika son abin duniya.

Mai-Gyara: Kuma in ta lalace ba mai aron ke kawo ta ba, mai ita ke zuwa da kuɗinsa.

Tsohon-Hannu: Laifin shugabannin ƙungiya ne. Su ke cewa ba wane ya riƙe na yau kawai, kai kuma kunya ta hana ka cewa a'a. Ai ba su taɓa cewa mai madanni ya ba da nasa.

Dillali: Suna cewa mana, Baba. Nawa aka ara aka dawo da shi madanni biyu ba sa tashi.

Sarkin-Tsokana: Shi ya sa na ce wa kowa ni bahago ne, tsirkiyoyina a juye suke. Yar-Bes, wanda ya cusa ashanar har yanzu kuna kiɗa tare?

Yar-Bes: Muna yi. Jiya ma ya turo saƙo yana tambayar amfilifayata.