Wai ruwan Jibiya ne ke cin Maradi?

Ɗan Madarunfa: Ni dai maganata ba ta sake ba. Duk shekarar da ruwa ya yi mana ɓarna, ku tambayi mutanen Jibiya, masu dam ɗin can ƙasar Katsina a Najeriya. Su tare ruwa da rani mu rasa na garka, dam ya cika da damina su sako mana shi cikin dare.

Malama Ƴar Zariya: Ƙanena, bari in tambaye ka. Ranar 30 ga Agusta 2024 daga ina ruwan ya zo? Daga sama ya sauko bisa garin Maradi, fiye da milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasu. Unguwarmu ta Zariya nan Maradi bisa tudu take, gulbi yana can ƙasa. Ko ruwan Jibiya ya koyi hawan tudu ne?

Ɗan Madarunfa: Yaya, ke birni kike gani. Ki zo fadama ki ga gero da masara tsaye cikin ruwa, alhali ranar ko yayyafi ba a yi ba.

Baba Magini: Ku yi haƙuri ƴaƴana, kowannenku yana da gaskiyarsa, amma ruwa biyu kuke haɗawa. Akwai na gulbi, akwai na sama. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta Madarunfa, ya wuce Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa Rima. In aka sheƙa ruwa a can, ko nan rana ake ƙwallawa sai ya iso. Haka yake tun kafin a haife mu. Tsohon garin Maradi cikin fadama yake, ambaliyar 1945 ce ta rusa shi, aka tashi aka hau tudun nan. Dam ɗin Jibiya kuwa sai 1991 aka gama shi. To a 1945 wa ya buɗe ƙofa?

Ɗan Madarunfa: Baba, ban musa maka tarihi ba. Amma tun da aka yi dam ɗin halin gulbi ya sake, duk manomi ya sani.

Baba Magini: Wannan na yarda, wanda ya tare ruwa dole ya taɓa na ƙasa da shi. Sai dai ni da nake aza tubali, abin da ke kashe mutane shi nake gani. Ɗakin laka ne da ba a yi wa tushen siminti ba. Ruwa ya kwana a gindin bango, laka ta jiƙa ta yi laushi, can cikin dare bango ya kwanta kan masu barci. Ko kuɗin bulo babu, a ɗaga tushe, a gyara indararo kada ya riƙa zuba a gindin gini, a yi yaɓe kafin ruwan fari. Sai ka faɗa wa mai gida, ya ce sai bayan kaka.

Hajiya Ƴar Bagalam: Baba, faɗa da baki da sauƙi. Wanda ke neman tiyar gero, ina ya ga kuɗin siminti? Mu da ke gangare duk ruwan tudu kanmu yake sauka, da yashi da leda da sharar unguwannin sama. Malama, sharar ku ce ke toshe mana magudana.

Malama Ƴar Zariya: Hajiya, ban kare kowa ba, har ƙofar gidana ana zubawa. Shi ya sa zancen Jibiya ke ba ni haushi: yana ba mu damar naɗe hannu. A 2024 sai 28 ga Oktoba aka koma lakwal a duk faɗin Nijar, don waɗanda gidajensu suka faɗi cikin azuzuwa suke kwana. Jibiyar ma ai ruwa ya ci ta a Yulin 2018, mutane da yawa suka mutu.

Ɗan Madarunfa: To ko da hakan ne, mene ne wahalar a sanar da mu? In dam ya kusa tumbatsa, a buga waya Madarunfa, rediyo ya faɗa, mu kwashe dabbobi da injin ban ruwa daga bakin gulbi. Yini ɗaya ma ya ishe mu.

Baba Magini: A nan kam ina bayanka, ɗana.

Hajiya Ƴar Bagalam: Ku ji da wayarku. Ni Asabar nake son ganin samarin Zariya da shebur da baro a bakin magudanarmu. Malama, ki turo naki tukuna.